Faɗuwa Uku a Karnen Yayana

Ni da kaina na kai wa lokotoro, wato likitan awo, karnen nan, babu wanda ya matsa mini. Yana rubutu, ko kallona bai yi ba, ya ce, “In kana da karnen likita na yarinta ka kawo. In babu, shi ke nan.” Mu huɗu aka tura awon lafiya a makon nan. Ɗaya ya ce nasa ya ɓace wajen ƙaura, ɗaya ya ce gara ta cinye, na ukun ya ce shi bai ma taɓa ganin kalarsa ba, aka wuce wurin. Ni ko, ɗan Kurfai mai son a ce ya cika, sai na tuna akwai wani ɗan littafi shuɗi a ƙasan kwallar Inna. Na yi wa ƙanwata waya, ta faki idon Inna ta ɗauko, ta ba direban motar Filinge, ya iso mini Yamai naɗe cikin leda. Tone-tone, kaza ta tono wuƙar yanka ta.

A lokacin shekarata tara ina makanike a filin jirgin sama, a wani ƙaramin kamfani mai jirage biyu da ke kai likitoci da ma'aikatan agaji arewa. Babu ƙusar da ban sani ba a jikin jiragen nan. Ni zan duba mai, ni zan duba taya, ni zan sa hannu cewa komai daidai, sannan in koma gefe in tsaya cikin rana, in toshe kunne, in ga wani ya hau ya tafi da shi. Ba na ƙyashin kowa, amma wallahi tsayuwar nan ta ishe ni. Sai ga shi kamfanin ya ce zai tura mutum guda waje ya koyi tuƙi. Aka yi jarrabawa, na zo na ɗaya, aka ce mu huɗun farko mu je awo, in na gaba ya faɗi na bayansa ya shiga. Sharaɗi biyu ne. Lokotoron jiragen sama ya sa hannu cewa lafiyarka ta kai ka tashi da mutane, kuma kada shekarunka su haura iyakar da makarantar ta sa. A takarda saura mini wata goma in taka iyakar. Na ce haba, wata goma ai zamani ne.

Jikina ba sabo ba ne, na sani. Jikin ɗan ƙauye ne da ya sha hanya. Awon jini ya nuna ina ɗauke da rabin sikila, aka ce a sake, aka sake, aka ce ba komai. Na taɓa yin shawara ina makarantar lise har idona ya koma kamar gwaiduwa, saboda haka sai da aka auna hanta sau biyu. Hannuna na hagu ya karye ina yaro, jaki ya kayar da ni a hanyar rijiya, maɗorin garinmu ya ɗora shi da kara da tsumma, ya kama amma da ɗan lanƙwasa. Lokotoro ya sa na matse masa yatsu, na ɗaga kujera, na juya wani ƙarfe, kafin ya yarda hannun na aiki. Kunnena na dama kuma ya taɓa yin ruwa, aka rufe ni cikin wani ɗan ɗaki mai kama da akwati ina danna maɓalli duk lokacin da na ji ƙara. Na hura bututu har na ga taurari. Na taka keke da wayoyi manne a ƙirji. Kowane awo da layinsa, da “dawo jibi”, da takardarsa. Wata biyu suka tafi a haka.

Shi lokotoron tsoho ne ɗan ƙarami, tabarau rataye a wuya da zare. Ba shi da mugunta, amma ba shi da gaggawa, kuma a wurina a lokacin duk ɗaya ne. Ran da ya sa na tuɓe na kwanta, ya bi ni tun daga gashin kai har tafin ƙafa, sai ya tsaya a diddigena. Ina da tabon ƙuna a duka biyun, fari-fari, kowanne kamar faɗin ƙwandala.

Ya ce, “Wannan fa?”

Na ce, “Toka na taka ina ƙarami, an ƙona kara a gona.” Abin da aka faɗa mini ke nan tun da na yi wayo.

Ya ce, “Ƙafa biyu, wuri ɗaya?” Ya rubuta wani abu, ya ce in sa riga.

Ran da na kai karnen ina jin kaina kamar wanda ya gama noma. Ya buɗe a hankali, don takardun sun yi laushi. Allurar rigakafi, ƙyanda, zawo, ya yi ta wucewa. Can sai ya daina juya shafi. Ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Ya juyo littafin wajena ya ɗora yatsa. Wuri uku ne. Na farko an rubuta yaro ya faɗi yana jijjiga, babu zazzaɓi, yana da shekara shida. Na biyu haka, yana da bakwai. Na uku hannun wani ne daban, mai sauri, cewa kawai ya yi jijjiga kamar ta baya, yana da takwas.

Ya ce, “Malam, ka san abin da wannan ke nufi. Mai farfaɗiya ba ya tuƙa jirgi. Ko sau ɗaya ne sai mun tsaya, balle uku.”

Dariya na yi, wallahi, dariyar samun sauƙi. Na ce, “Lokotoro, ai ba ni ba ne. Yayana ne.”

Ya kalli sunan da ke bangon karnen, ya kalli wanda ke kan dosiyena, fayil ɗin awona. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Sai da na zauna na warware masa abin da kowa a garinmu ya sani, har ba a ɗauke shi labari ba.

Yayana shi ne ɗan farin Inna. Haihuwarsa ta zo da gardama, aka kai ta Filinge a amalanke, can aka haife shi, don haka ya samu takardar haihuwa da karne. Ni na zo bayansa da shekara huɗu, a ɗaki, tsakiyar damina, babu wanda ya rubuta ni ko'ina. Ya rasu ina ƙarami ƙwarai, ban riƙe ko fuskarsa ba. Da masu ɗaukar yara lakkwal, makarantar boko, suka zo suka ce sai da takarda, Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce wa zai bar shuka ya je ya yi kwana uku a ƙofar alƙali, ga takarda nan ajiye ba ta ci ba ta sha? Ni kuma dogo ne. Aka miƙa ta yayana. Ran farko mushe, malamin ajinmu, ya kira sunan sau uku ina zaune ina kallon ƙadangare a bango, sai da na sha ranƙwashi na gane ni ake nufi. Tun daga ranar nake amsa shi. Ba gidanmu kaɗai ba, a ajinmu mun kai biyar masu yawo da sunan mamaci.

Lokotoro ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya sha jin irin wannan, bai ce ƙarya nake ba. “Amma ni abin da ke gabana shi ne mutum ɗaya, suna ɗaya, faɗuwa uku. Kawo mini takardar mutuwar yayanka.”

Na ce, “Ina za a same ta? Ai a takarda bai mutu ba. Ga shi zaune gabanka.”

Bai yi dariya ba. Ya ce to in kawo shaidar manyan gari a rubuce, da hatimin meri, ofishin magajin gari, cewa an yi yaro mai wannan suna, shi ne mai faɗuwa, kuma ya rasu. Ya ƙara da cewa, “Ka tambayi mahaifiyarka. Uwa ba ta manta irin wannan.”

Tambayi mahaifiyarka! Da gani bai san matan Kurfai ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zancensa a gaban mutane, kunya ce. In ya rasu kuma abin sai ya ninka. Shekara talatin ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Da sunan da aka raɗa mini ran suna take kirana, shi ma a gajarce. In abokan lakkwal suka tsaya a ƙofa suna ƙwala mini sunan takarda, sai ta ajiye abin da take yi ta zagaya bayan rumbu. Ina yaro na ɗauka haushin ihunsu take ji.

Na ɗauki hutu na hau mota. Zafin bazara ne, mu goma sha tara cikin motar da aka yi don goma sha biyar, da buhun albasa a kan ƙafata. Baleyara, Tabla, Bankuku, kowane shinge a sauka a nuna katin ɗan ƙasa, kowane soja ya karanta sunan yayana ya dube ni ya ce wuce. Ban taɓa lura da abin ba sai a tafiyar nan. Na sauka Filinge ran kasuwa, na samu amalanken 'yan garinmu da suka kawo gero, muka isa gida da la'asar jikina duk ya mutu.

Inna ta kawo ruwa da fura, muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi. Sannan ta ce, idonta a kan ƙwarya, “Ina littahin?”

Na ce yana wurin lokotoro, zai dawo.

Ta ce, “A maido shi.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

Gwaggo na nufa, yayar Baba, don ita bakinta ba shi da ƙofa. Tsohuwar 'yar bori ce, tana da ɗan ɗakinta na iskoki a bayan gida, har limamin garin in ɗansa ya ƙi barci matarsa takan biyo ta baya ta zo wurinta. Na same ta a gindin aduwa da taba a baki.

Ta ce, “A'a, mai jirgi! Da ƙahwa ka iso? Ina jirgin, ko ka ɗaure shi bakin rijiya?”

Na ce, “Gwaggo, jirgin ne ake so a hana ni.”

“Ai dole. Za ka bi hanyar masu sama ba ka gaishe su ba, ko baƙin zakara ba ka kawo ba. Ɗiyan lakkwal, kai babba, hankali kaɗan.”

Na bar ta ta gama, sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni. Da na ambaci yayana sai wasan ya sauka daga fuskarta. Ta ce yaro ne mai kyau, aljana Doguwa ce ta so shi, sun yi turare sun yi wasa, ba ta saki ba. Ta ce ya faɗi a gindin rumbu, ya faɗi a gona, duk gari an sani.

Na ce, “Sau nawa, Gwaggo?”

Ta dubi wajen ɗakin Inna. Ta tofar da taba. Ta ce, “Ni ƙidaya nika yi? Ya hwaɗi dai. Tahi wurin maigari, shi ka da alƙalami.”

Maigari bai ba ni wahala ba. Ya kira dattawa biyu, ɗaya shi ya yi wa yaron wanka, ɗaya shi ya haƙa kabarin. Dukansu sun tuna yaron mai faɗuwa, babu wanda ya tuna shekarar. Wannan ya ce shekarar da fari suka ci gero, wancan ya ce a'a, shekarar da rijiyar gabas ta rufta, suka kusa yin faɗa a kai. Ni dai na rubuta abin da suka yarda da shi, cewa an yi yaron, shi ne mai faɗuwa, ya rasu, ƙaninsa ya gaji takardarsa. Suka dangwala yatsa. Kwana biyu na yi ina zarya a meri kafin hatimi ya hau, yau mai sa hannu ya tafi jana'iza, gobe tawada ta bushe. Da na riƙe takardar nan a hannu na ji wani nauyi ya sauka daga wuyana. Kuma Allah ya sani, da zuciya ɗaya na yi, na ɗauka duk ukun nasa ne.

A kwanakin nan Inna ba ta ce mini komai ba. Sau ɗaya na gwada, tana tankaɗe, na ce, “Inna, zancen littafin nan ne, lokotoro ya ce in tambaye ki.” Ta ce akuya ta shiga dangar maƙwabta, ta tashi ta bi akuyar da ni ban gani ba. Na ƙyale ta. Na ce ai na samu abin da nake nema, me zai sa in tona mata ciwo.

Ran komawata da safe na yi sallama da kowa, na saɓa jaka. Sai na ga Inna ta yafa zane ta biyo ni. Ba ta taɓa raka ni ba, ko ran da na tafi kwaleji a bakin ƙofa ta tsaya. Muka wuce rumbuna, muka wuce rijiya, tana baya ina gaba, har gindin gawon da ake jiran amalanke. Babu kowa a wurin. Ta tsaya tana kallon gonaki, ba ni ba.

Ta ce, “Jirgin ga, mutum nawa shika ɗauka?”

Na ce, “Goma sha biyu, Inna.”

“Ɗiyan mutane.”

“I.”

Sai ta kira sunan. Sunan da na amsa a lakkwal, a wurin aiki, a kowane shinge, ta faɗe shi cikakke, a hankali, kuma na san ba ni take kira ba.

Ta ce, “Sau biyu yah hwaɗi. Bayan na biyun bai ga kaka ba. Na ukku kai ne.”

Na ce, “Inna, me kike cewa?”

“Damana ta zagayo bayan mun rufe shi. Masassara tak kama ka, jikinka awa garwashi. Ina surhe kana bayana, nij ji ka sanƙare, idonka ya juye. Nic ce shi ke nan, an dawo ɗaukar na biyu. Gwaggonka tas sa diddigenka ga wuta don ka dawo. Ba toka kat taka ba. Nig goya ka da ƙahwa har likita, sunka ce ina karne. Shi ɗai gare ni, nib ba su.”

Ban san lokacin da na ajiye jakar ba. Takardar maigari tana aljihun rigata, ina jin kaurinta a ƙirji. Abin da na ji ba tausayi ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya. Haushi ne. Kwana huɗu ina gidan nan, ta bari na sa tsofaffi sun dangwala yatsa, na yi zarya a rana, sai yanzu da amalanke ke tafe.

Na ce, “Shekara talatin kin yi shiru. Da kin ƙara kwana ɗaya, me zai ci ki?” Ban taɓa yi mata magana da irin muryar nan ba.

Ta ce, “Na so in yi. Sau ɗai ne, ba ka ƙara ba, kullum ina kallonka. Amma ni ban san abin da ad ciki ba, su masu awo su ka sani. In ka hwaɗi a gona, ni ka ɗaukar ka. In ka hwaɗi can bisa, uwa nawa za ta zamna awa ni?”

Amalanke ya iso. Ta ce Allah shi kiyaye hanya, ta juya. Ban amsa ba, kuma har yau abin yana damuna.

Daga Filinge zuwa Yamai na yanke shawara ta fi sau goma. A Bankuku na ce zan miƙa takardar in yi shiru, wa ya sani, ni da tsofaffin mata biyu ne, kuma babu wadda za ta je Yamai. A Tabla na ce a'a. Kafin Baleyara na sake komawa ta farko. Ni ba waliyyi ba ne, kuma ban ga abin da jijjigar yaro ɗan shekara huɗu za ta yi wa ƙato kamata ba. Amma shekara tara ina sa hannu a ƙasan takardar jirgi, ban taɓa sa hannu a kan ƙusar da ban taɓa da hannuna ba. Na san yadda matuƙi ke karɓar takardar nan, ba ya ko karantawa, sunana kawai yake dubawa. Da abin ya tsaya mini a rai sai na ji na gaji, gajiyar da ko fushin ma ba ta bar mini ba.

Na shiga wurin lokotoro na ajiye masa takardar, ya karanta, ya gyaɗa kai, ya jawo alƙalami. Na ce ya dakata. Na faɗa masa abin da Inna ta ce, har da diddigen.

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Dama ƙunar nan ba ta yi mini kama da toka ba. Shekararka nawa a lokacin, ta gaskiya?”

“Huɗu.”

“Da zazzaɓi?”

“Ta ce kamar garwashi.”

Ya ce to wannan wata magana ce. Jijjigar zazzaɓi ga yaron da bai kai biyar ba, in sau ɗaya ce, ba ta hana mutum tashi. Zuciyata ta yi tsalle. Sai ya ci gaba, ya ce amma baki ba hujja ba ne, tunda karne ya ce takwas kuma bai ambaci zazzaɓi ba. Sai an sake shaida da bakin su Inna da Gwaggo. Sai an yi awon ƙwaƙwalwa, wanda ake manna wa mutum wayoyi a ka, sau biyu. Sai hoton kai. Sai likitan jijiyoyi ya gani ya rubuta. Sannan a aika dosiyen gaba ɗaya ga kwamitin da ke yanke irin wannan, su kuma ba kullum suke zama ba.

Na ce, “Lokotoro, wata bakwai ya rage mini.”

Ya ce, “Ni jiki nake aunawa, ba kalanda ba.”

Ba zan ba da labarin watannin nan dalla-dalla ba, ni kaina ba na son tuna su. Na koma Kurfai sau biyu. Gwaggo ta dangwala yatsa tana zagina, ta ce ita ta dawo da ni duniya da wuta, yanzu na kawo mata takarda kamar ɓarauniya. Na'urar awon kai ta lalace, aka jira wani ƙarfe daga waje. Likitan jijiyoyi ya tafi taro. Na zauna a bencuna iri-iri, na san masu shara da sunansu, na san wace fanka ke aiki. Da safe in je in duba mai da taya, da rana in je in zauna a layi.

Da na ga lokaci na gudu sai na ce bari in ƙwato shekaruna huɗu, tunda a gaskiya ban kusa iyakar ba. Wani magatakarda a kotu, mutumin kirki, ya zaunar da ni ya warware mini. Ya ce ana iyawa, amma sai an kashe yayana a takarda, kuma in ya mutu zai tafi da kayansa. Takardun makaranta, satifiket nasa ne, birbe nasa ne, bak nasa ne, takardar makanikanci tasa ce, har jarrabawar da na zo na ɗaya shi ya ci. Ni da nake numfashi ko lakkwal ban taɓa shiga ba. Maido su ɗaya bayan ɗaya kuwa aikin shekaru ne. Na yi masa godiya na fito, na zauna a bakin titi na sha ruwan leda.

Takardar ta fito bayan wata goma sha uku da fara awo. Lokotoro ya kira ni da kansa, ya miƙo mini ita da hannu biyu, tare da karnen a cikin ledarsa. Ba a ga komai ba, kaina lafiya, an yarda in tashi. Ya ce ya yi murna, kuma na ga alamar da gaske yake. Wata uku ke nan da yayana ya haura iyakar shekaru. Gurbin an ba na biyu, wanda gara ta ci karnensa. Yaro ne mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya dawo yanzu, ni nake duba masa mai.

Da kaka na je gida. Tun ran gindin gawo ba mu yi wata doguwar magana da Inna ba, gaisuwa ce kawai da abin da ba a rasa ba. Na same ta a tsakar gida tana sussuka ita kaɗai, ta rame. Na miƙa mata karnen. Ta goge hannu a zane kafin ta karɓa, ta buɗe ledar ta duba, ta rufe. Sannan na ciro ɗayar takardar, mai hatimi biyu.

Ta ce, “Sun bar ka?”

Na ce, “Sun bar ni, Inna. Amma lokaci ya wuce, wani ya tafi.”

Ba ta ce yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ta dubi takardar, ta ce, “Mi tac ce?”

Na zauna a kan wani turmi na juya mata ita da Hausa, yadda take a rubuce. Na fara da sunan, don da shi ta fara. Na ce wane ɗan wane, haifaffen Filinge, an auna kansa, an auna zuciyarsa da jininsa, idonsa da kunnensa, ba a samu wani ciwo ba. Ba shi da farfaɗiya. Lafiyarsa lau, yana iya tashi.

Na ɗago kai na ga ta ajiye taɓarya. Ta zauna a ƙasa, karnen a cinyarta, ta ɗora tafin hannu a kansa.

Ta ce, “Shekara nawa anka rubuta mai?”

Na ce, “Talatin da biyar.”

Ta ce, “Ya girma.”

Kaji suka zo suna tsattsagar geron da ta bari, ba ta kore su ba. Ta gyara zama, ta matso kusa da ni.

Ta ce, “Sake karanta min. Tun daga sunan.”